Shekarar da Habsa ta tafi soja

Mariama da Laminu, na san abin da ya iso kunnuwanku game da shekarar da Habsa ta tafi soja. A lokacin ke Mariama kina Yamai a ɗakin mijinki da ɗanyen goyo, kai kuma Laminu kana Lille wurin aiki, sai abin da aka tsinta muku ta talho: wai na gaji da riƙon marainiya na mayar da ita ga dangin uwarta, wai shi ya sa kawunku Alhaji Sani ya daina amsa gaisuwata. Ban zaunar da ku na warware muku ba, domin a lokacin in na buɗe baki kuka ne ke fitowa. Yanzu da na ajiye aiki, gwiwoyi suka zaunar da ni, ina so ku ji yadda aka yi daga bakina, ku kuma gaya wa 'ya'yanku haka.

Kun san Habsa 'yar ƙanena Ilyasu ce, wanda ya tafi karatu Suwidin ya auri 'yar ƙasar mai suna Karin. Hatsarin mota ya ɗauke su rana ɗaya, yarinyar tana da shekara biyar. Abin da ƙila ba ku sani ba shi ne kakanta na wajen uwa, tsoho Gunnar, shi da kansa ya riƙo hannunta ya kawo mini ita nan Vénissieux, kusa da Lyon a Faransa. Matarsa tana kwance ba lafiya a lokacin, kuma ya ce Ilyasu ya sha gaya masa yana so 'yarsa ta tashi da Hausa a bakinta da salla a goshinta. Abu ɗaya ya roƙa, a riƙa aika musu ita duk hutun rani. Na ɗauki alkawari, ban taɓa saɓawa ba. Haka ta girma a ɗakinmu na unguwar Minguettes, tana yi mini Hausa, tana yi muku Faransanci, in ta yi mafarki kuma sai yaren uwarta.

Bayan ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, abin ya faru. Wata Lahadi muna cin tuwon sumul da miyar kuɓewa, ni da ita da mahaifinku Malam Isufu, sai ta tsame hannunta daga kwano.

"Gwaggo, akwai maganar da zan yi, amma ki bari in kai ƙarshe."

Na ɗauka saurayi ne, har na fara murmushi.

"Na nemi shiga horon soja a Suwidin. Da na je hutu sun gwada ni, kuma sun ɗauke ni. Ƙarshen rani zan fara."

Mahaifinku ya ce, "Soja kamar yaya? Na ofis ko mai bindiga?"

"Mai bindiga, Baba."

Ban bari ta kai ƙarshen ba. Na tashi na shiga kicin na buɗe famfo don kada su ji ni. Ku tuna a shekarar ce yaƙi ya ɓarke a gabashin Turai, kullum talabijin gidaje ne a rushe da mata suna gudu da yara. Ga shi kuma ni a gidanmu na Damagaram kalmar soja ba ta da daɗi. Kakana Faransawa suka ɗauka daga gona aka sa masa kaki aka tsallaka teku da shi, ko kabarinsa ba mu sani ba. Mun tashi muna jin kakarmu tana cewa soja mutum ne da aka raba da uwarsa. To ga 'yar da na yi wa kitso da hannuna tana cewa da ƙafarta za ta kai kanta.

Da yamma na kira Yaya Sani, domin shi ne babba a cikinmu nan Faransa, kuma ba a yanke magana irin wannan ba da saninsa ba. Yana shagonsa na atamfa a Goutte d'Or, ina jin hayaniyar titi ta bayansa. Ya ce wannan aikin tsohon Baturen ne, shi ya hure mata kunne, in kawo masa ita Paris ya yi mata magana. Da Habsa ta gaya wa kakanta, sai tsohon ya ce shi ma zai zo, bai dace ba a yi shari'arsa ba ya nan. Mutumin da ya haura tamanin ya hau jirgi ya taho.

Muka haɗu a wani ƙaramin gidan abinci na 'yan Tunisiya a unguwar Belleville ta Paris. Gunnar ya ƙara tsufa, dogon nan ya ranƙwafa, da na'urar ji a kunne. Faransancinsa a hankali yake fita, irin wanda ya koya tun yana saurayi. Yaya Sani ya zo da babbar riga kamar ranar Idi, ya gaisa da shi a taƙaice ya zauna yana jan carbi. Kafin a kawo abinci tsohon ya ce shi bai taɓa ce wa yarinyar ta shiga soja ba, labari kawai ya riƙa ba ta, kuma in an yarda zai ba mu irin labarin don mu san abin da ta ji.

Ya ce rundunar da za ta shiga ta ɗaruruwan shekaru ce, ta lardinsu ce, ba ta babban birni ba. A zamanin da sarkinsu ba shi da halin ciyar da sojoji a bariki, sai aka ce kowane gidajen manoma biyu ko uku su haɗu su riƙe soja ɗaya. Su gina masa ɗan ɗaki na katako, su yanka masa gona, su ba shi saniya ko tumaki. Yana nomansa tare da matarsa da 'ya'yansa, in lokacin atisaye ya yi ko yaƙi ya taso ya saɓa bindiga ya tafi, manoman su kula masa da gonar. Sojojin ƙauyukan da ke kusa da juna su ne kamfani ɗaya a ƙarƙashin kaftin, kuma sunan yankin ake kiran kamfanin da shi. Kamfanoni su haɗu su zama bataliya, bataliyoyi su zama runduna a hannun kanal. Yana magana yana jera ƙwallayen zaitun a bakin faranti, nan ƙauye, nan kamfani. Ya ce da yake sunayen mutanen ƙauye duk iri ɗaya ne, kaftin ne ke raɗa wa sabon soja gajeren suna, kuma sunan yakan bi ɗakin, wanda ya gaje shi ya gaji sunan. Kakan kakansa an raɗa masa wani suna mai nufin mai hanzari, shi ne ya zama sunan gidansu har yau, shi ne kuma na biyu a fasfon Habsa.

Na ga Yaya Sani ya daina jan carbin. Shi mutum ne mai son labarin asali, ko yana fushi.

Tsohon ya ci gaba. Daga baya aka bar wancan tsari, aka gina bariki a gari, kowane saurayi ya zo ya yi horonsa ya koma gida. Nan shi ma ya shiga, ya zauna har ya kai kaftin. Da aka ga duniya ta lafa sai gwamnati ta ce ba a bukatar runduna da yawa, aka rufe tasu. Yana tsaye a filin fareti ranar da aka naɗe tutar aka kai ta gidan tarihi, bariki ya koma makaranta da ofisoshi. Ya ce ranar ya yi kuka a gaban jama'a. Shekaru suka wuce, abubuwa suka sake ɓaci, aka dawo da horon matasa, wannan karon har da mata, aka ɗauko tutar aka sake buɗe rundunar. Habsa tana can hutu aka yi bikin, ta raka shi. Bai san abin ya shiga ranta haka ba.

Yaya Sani ya gyara zama ya fara tambaya, Habsa tana taimaka wa kakanta inda bai ji ba.

"Naman alade fa?"

"Akwai abincin da ba shi a ciki, kullum."

"Salla? Ɗankwali?"

"Ba mai hana ta. Akwai Musulmi a cikinsu."

"Ina za ta riƙa kwana?"

Tsohon ya dubi Habsa, ya dube ni, sannan ya ce, "Ba zan ɓoye muku ba. Ɗaki ɗaya ne, maza da mata, kowa da gadonsa. Waɗanda za su yi aiki tare, tare suke kwana."

"In yaƙi ya zo?"

"In ta gama za ta koma harkarta, amma sunanta yana cikin rundunar. In yaƙi ya zo za a kira ta."

Yaya Sani ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. Bai ko dubi tsohon ba, ni ya duba.

"Hadiza, kin ji da kunnenki. Ni na gama magana."

Ya fita, abincinsa ko taɓawa bai yi ba. Ni kuwa abin mamaki, amsoshin nan biyu masu ɗaci su suka sa na fara yarda da tsohon. Da yana son ya sace mana yarinya, da ya lulluɓe su.

Muka hau jirgin ƙasa muna komawa Lyon. Gonaki suna ta wucewa ta taga. Can na ce wa Habsa ta gaya mini gaskiya, mun yi mata wani abu ne a gidan nan?

"Wallahi a'a, Gwaggo. Ni dai ban tuna muryar mamata ba. Duk shekara ina zuwa can kamar baƙuwa, a dafa mini abinci, a kai ni bakin tafki, in rani ya ƙare a raka ni filin jirgi. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin sanyinsu ba. Ina so in zauna a ƙasarta in sha wahalarta tare da 'ya'yan mutanen wurin, in ga ko ni ma tasu ce."

"In kin ga ke tasu ce fa?"

Ta ce, "Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. Kuma ba sa hannunki nake nema ba, na kai shekarun da ba a tambaya. Albarkarki nake so. In kin hana, zan zauna."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi yi mini nauyi, don na san za ta zauna ɗin. Na yi kwanaki ina juya abin, a jirgin tiram na cikin gari, a wurin aiki ina yi wa tsofaffi wanka. Mahaifinku bai cika magana ba, kun san shi. Abin da ya ce kawai shi ne shekara goma sha huɗu muna tarbiyyar yarinyar nan, in tarbiyyar ba za ta iya kwana a ɗakin da ba mu ba, to ba mu yi komai ba. Ni kuma na duba na ga in na tsare ta, jikinta ne zai zauna a gidana, kullum tana kallon taga. Ilyasu bai ba ni ita don in ɗaure ba. Shi kansa ya bar Damagaram mahaifiyarmu tana kuka, kuma ta sa masa albarka. Ranar Juma'a bayan na idar da salla na kira ta, na dafa kanta na ce Allah ya kai ta lafiya ya dawo mini da ita lafiya.

Da na gaya wa Yaya Sani, magana ɗaya ya yi: "Kin ci amanar Ilyasu." Ya kashe talho. Daga nan sai labari ya bazu har Damagaram. Matan da muke zuwa suna tare suka riƙa yin shiru in na shigo. Aka ɗaura auren 'yarsa Rakiya a Paris, yarinyar da ni na yi mata wankan farko, a hoto na gani a wayar mutane. Wannan ya ci mini rai ƙwarai, ba zan ce muku bai ci ba.

Habsa kuwa duk Lahadi sai ta kira. Da farko kuka take ɓoyewa, ina ji a muryarta. Daga baya ta fara ba ni labari har in gaji. Ta ce su 'yan kaɗan ne a rukuninsu, kowa da aikinsa, wani rediyo, wani tuƙi, wani babbar bindiga, ita aka ba ta kula da masu rauni. Rukunoni su ne ke haɗuwa a ƙarƙashin laftana, a yi sama har kanal, wanda sau ɗaya ta gan shi kusa. Akwai wasu 'yan mata biyu a ɗakinsu, sun haɗa gadajensu a kusurwa ɗaya. Wani ɗan manomi a cikinsu ya ɗaura mata bargo a jikin gado don ta samu wurin salla, in kuma suna daji shi ke duba mata gabas da na'urarsa. Na riƙa sauraron sunayen yaran nan ina sa su a addu'a, alhali ko furta su ban iya ba.

A tsakiyar sanyi ta ce za su shiga daji atisaye, ba waya sai sun fito. Ina wurin aiki da safe, ina ba wata tsohuwa kunu, talho ya yi ƙara a aljihuna. Gunnar ne. Ya ce kada in tsorata, wanda shi ne ya tsorata ni. Habsa tana asibiti, sanyi ya cinye mata yatsun ƙafa, likitoci suna dubawa ko za a iya ceto su. Wani yaro ne a cikinsu ƙanƙara ta fashe da shi ya faɗa ruwa, ita da wani suka jawo shi, ta tsaya tana ɗumama shi ba ta kula takalminta ya jiƙe ba. Ban san yadda na kai gida ba. Mahaifinku ne ya kira Paris, ni ban sa shi ba.

Washegari da azahar aka buga ƙofa. Na buɗe na ga Yaya Sani da 'yar jakarsa a hannu, yana haki, domin asansar, na'urar hawa bene, ta lalace ya hau da ƙafa. Bai ce mini ai ya faɗa ba. Ya cire takalmi ya shiga ya zauna, ya ce a ba shi ruwan alwala. Muka zauna mu uku muna jiran waya. Wajen la'asar ta kira, da hoto. Ga ta a gadon asibiti, ta rame, leɓɓanta sun fashe, tana dariya.

"Gwaggo, ba za a yanke ba! Likita ya ce sun dawo. Zafi kamar wuta, ya ce zafin shi ne alheri."

Na zauna a ƙasa. Yaya Sani ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da fuska yadda yake yi.

"Ke Habsatu."

"Baba Sani! Ina wuni?"

"Yaron da ya faɗa ruwan, ya rayu?"

"Ga shi can a ɗaki na gaba, yana cin abinci."

Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini wayar, ya tashi ya tsaya a bakin taga ya ba mu baya. Ya daɗe a wurin. Da zai koma Paris ya ce har yanzu bai yarda da abin da na yi ba, kuma in wani ya tambaye shi haka zai faɗa. Na ce na ji. Amma daga ranar ya dawo da kirana.

Ta warke ta koma cikin 'yan uwanta, ta yi azumi a can, ta gama horonta. Duk wannan lokacin ban tambaye ta ko za ta dawo ba, tsoron amsar nake yi. Ita ta faɗa da kanta, wata Lahadi, a tsakiyar wata magana. Ta ce kakanta ya kai ta ta ga ɗan ɗakin katakon nan na kakan kakansa a bakin daji, yana nan, ƙofarsa sai an sunkuya. Ta ce yanzu in ta shiga garin ba mai yi mata kallon baƙuwa, ita ma ba ta yi wa kanta. Sannan ta ce ta nemi makarantar jinya a Lyon, in gyara mata gadonta. Har yau sunanta yana cikin rundunar, kuma duk ranar da labarai suka yi zafi gabana yakan faɗi. Wannan na karɓa, da shi nake zaune.

Ranar da ta iso, Yaya Sani ya sauko daga Paris ba tare da an gayyace shi ba. Mahaifinku ya tarbo ta a tashar jirgi. Ta shigo da jaka a bayanta kusan tsayinta, kafaɗunta sun buɗe, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Yaya Sani. Ya bar ta a durƙushe yana kallonta.

"Cire takalmin."

Ta dube ni, na ɗaga mata kai. Ta zauna a kan darduma ta kwance igiya, ta zare safa, ta miƙe ƙafafun. Ya sa tabarau, ya sunkuya da girmansa da babbar rigarsa, yana taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya yana motsa baki. Biyu sun ɗan yi duhu, farcensu sabo ne. Ya kai ƙarshe ya sake farawa daga farko.

"Goma ne," in ji shi. "Alhamdu lillahi. Hadiza, zuba wa yarinyar nan abinci."